Takardar Shagon Baba Tela

Ranar Litinin da hantsi Yallaɓai, mai ofishin lauyoyin, ya sa a kawo masa fayil ɗin Baba Tela. Ya buɗe ya bi shafukan da yatsa, ya koma farko ya sake bi. Sannan ya kifa fayil ɗin ya kakkaɓe shi a kan tebur. Ko ƙwallin takarda bai faɗo ba.

"Ina takardar kyautar?"

Takardar da yake nema guda ɗaya ce tak, rubutun hannu, wadda marigayi yayan Baba Tela ya rubuta shekara ashirin da suka wuce cewa ya ba ƙanensa shagon ɗinki kyauta. Da ya rasu sai ɗansa ya zo ya garƙama wa shagon kwaɗo, ya ce gado ne. Wata goma sha huɗu ke nan kekunan tsohon suna kulle a ciki. Ranar Alhamis za a saurari shari'ar, kuma tunda ana gardama a kan sa hannun marigayin, kotu ba za ta dubi kwafi ba, sai ta asalin.

Anti, sakatariyar ofishin, ta ɗauko littafin da ake sa hannu in an karɓi takarda, ta ajiye shi a buɗe gaban Yallaɓai. Ta ɗora farcenta a kan layin ƙarshe.

Layin na Sabuwa ne. Haka suke kiran ta tun ranar da ta zo koyon aiki, sati uku da suka wuce. Ta karɓi takardar ranar Juma'a da ƙarfe biyu. Wurin da ake rubuta an mayar kuwa fari fat.

"Na mayar, ranka ya daɗe," in ji ta. "Na gama kwafi wajen ƙarfe huɗu. Anti ta riga ta tashi, shi ya sa ba a rubuta ba. Na sa ta a fayil, na tura durowar ta kulle kanta."

"Wa ya gan ki?"

Babu wanda ya gan ta.

Na-Biyu, lauyan da ke bin Yallaɓai a girma, wanda shi ne ke koya mata aiki, ya gyara zaman tabarau. "A yi mata uzuri, Yallaɓai. Ni na sa ta yin kwafin. Yarinya ce, wataƙila ta haɗa da wasu takardu. Zan rubuta wa kotu a ɗage mana."

Daga bakin ƙofa Kawu masinja ya yi gyaran murya. "Ni dai ba na son in ce komai. Amma ranar Laraba a harabar kotu na gan ta suna ta dariya da yaron lauyoyin can, masu tsaya wa ɗan marigayin."

"Ɗan ajinmu ne!" ta ce.

"To, ai ban ce ba ɗan ajinku ba ne."

Yallaɓai ya rufe fayil ɗin. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. "Zuwa Laraba da yamma. In takardar ba ta fito ba, ba zan sa hannu a shaidar koyon aikinki ba, kuma zan rubuta dalili."

Ta san abin da hakan ke nufi. Shekara shida na karatu, a ce wasiƙa mai layi huɗu ta kashe su.

*

Sabuwa ta kasa zama a kujerarta. Ta leƙa cikin injin kwafi, ta zaro durowar ƙarfen gaba ɗaya ta haska bayanta da fitilar waya, ta durƙusa ta duba ƙarƙashin kabad har gwiwarta ta yi fari. Duk inda ta gitta sai hira ta mutu. Anti ma da ta tashi zuwa banɗaki, sai da ta ɗauki jakarta ta tafi da ita.

Makullin durowar uku ne: na Yallaɓai, na Na-Biyu, na Anti. Ta jira Anti ta dawo, ta tsaya gaban teburinta.

"Anti, don Allah, da kika tashi ranar Juma'a, da makullinki kika tafi?"

Anti ta cire hannu daga kan kwamfuta. "Au, ni kuma za a juyo? Shekara goma sha biyar ina nan, ko allurar takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba."

"Ba zarginki nake ba."

"Kowa ya san ranar Juma'a ina kai mahaifiyata asibiti. Da hannuna na miƙa miki takardar nan, ƙarfe biyu daidai, na ce ki riƙe ta kamar ƙwai. Na ce ko ban ce ba?"

"Kin ce. Makullin fa?"

Anti ta kawar da kai. Da ƙyar ta amsa cewa takan bar shi a cikin gwangwanin biro, saboda Iya mai shara tana goge kabad ɗin ranar Asabar.

Iya na tara tsofaffin takardun ofis a buhu tana kai wa masu saye. Sabuwa ta sauko matakala bibbiyu, ta samu Iya a bayan gini tana wanke tsumma, buhu uku a jingine da bango.

"Zazzage, 'yar nan, zazzage," Iya ta ce, ko a jikinta. "Ni ba karatu na iya ba, amma na san takardar da aka yar da wadda ba a yar ba. Wadda aka yar a kwando take."

Awa biyu Sabuwa ta yi tsugune cikin rana tana bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Ta ga tsofaffin sammaci, ta ga wasiƙar da ta rubuta sau biyar Na-Biyu yana jan layi da jan biro, ta ga ɓawon ayaba. Takardar kyauta dai babu. Iya ta miƙo mata ruwa a kofi.

"Makullin nan ko taɓa shi ba na yi, saman kabad kawai nake gogewa. Ki sha ruwa, kin yi zuru-zuru."

*

Washegari da sassafe Umma ta same ta a tsakar gida tana kai da komo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Auta, shayin nan sau biyu ina ɗumama shi. Korar ki aka yi?"

"Ba a kai ga nan ba tukuna."

"To zauna ki sha, in ya so a kore ki da abu a ciki."

Ta kurɓa sau biyu ta fita. A hanya wani tunani ya zo mata. Baba Tela ya leƙo ofis ranar Juma'a da la'asar, ya zauna kusa da injin kwafi yana kallon ta. Tsoho ne mai tsoron rabuwa da takardarsa. Ko ya faki idonta ya soke ta a aljihu?

Ta same shi a barandar gidansa, ya ɗora wandon makaranta a cinya yana yi masa ƙari da allura da zare. Mutumin da ke da keke huɗu a shago. Ya yi murna da ganin ta, ya share mata benci da hularsa.

"Lauyata! Jibi ne ko? Na sa an goge min riga."

Ta kewaya ta kewaya, sannan ta tambaye shi ko ya taɓa takardar ranar Juma'a.

"In taɓa? Ai tun da na damƙa ta hannun mai gidanku na samu barci. A gida ɓera nake tsoro, da ruwan sama, da yaron nan ɗan yayana." Ya tsaya da allurar, ya dube ta. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba," ta ce, ƙaryar ta yi mata ɗaci a harshe.

"To madalla. Sai dai abokina mai yadi, shaidan da ya rage da rai, kullum yana tambaya ta yaushe za ku zo ku ɗauki bayaninsa. Ƙafarsa ta kumbura, numfashi ma sai a hankali. Na ce masa lauyoyi sun san aikinsu."

Ta ce za ta tuna musu. Ta baro shi yana laluben ramin allura, ita kuma kunya ta ishe ta don ta zarge shi.

*

Saura mutum ɗaya, wanda ba ta so ta kira: ɗan ajin nan nasu da ke aiki da lauyoyin can. Tun suna makaranta ake ce masa Rediyo, don in ya fara magana sai dai a kashe shi. Ta tsaya a tashar mota ta danna lambarsa.

"Ka san an ce na sayar maka da takarda?"

Ya fashe da dariya. "Ni? Ni da ko shayin ofishinmu ba a yarda in haɗa ba? Ke dai Allah ya saka muku da alheri. Da an ce in zo aiki Asabar da Lahadi mu shirya wa Alhamis, sai ga wasiƙarku ta neman ɗagewa, wai takarda ta ɓata. Mai gidanmu ya ce kowa ya je ya huta. Rabona da barci irin na Asabar ɗin nan..."

Ya ci gaba da zuba, ita kuwa ta daina ji. Mota ta zo ta tsaya, ta cika, ta tafi, tana nan tsaye.

"Rediyo, dakata. Wace rana wasiƙar ta zo muku?"

"Juma'a mana. Ko Alhamis? A'a, Juma'a, don ina cin abincin rana aka kawo. Me ya faru?"

Ta kashe wayar. Sai ranar Litinin aka san takardar ta ɓata. Amma maganar Rediyo ba abin kafa hujja ba ce, mutumin da ke rikita ranar haihuwarsa. Ta tsallaka titi ta hau motar da ke zuwa kotu.

*

Ofishin magatakarda cike yake, fanka ɗaya na juyawa kamar an tilasta mata. Sabuwa ta bi layi minti arba'in tana sauya ƙafa. Da ta iso, ta nuna katin ofishinsu ta ce tana so ta duba fayil ɗin shari'ar shago.

Magatakardan, wani siriri mai biro biyu a aljihu, ya jawo fayil ɗin ya tura mata. "A nan za ki duba, ba a fita da shi."

Wasiƙar ce a sama. Layi shida, da sa hannun Na-Biyu: ana roƙon kotu ta ɗage sauraro saboda takardar kyauta ta asali ta ɓace a ofis, ana kan neman ta. A kusurwar dama ga hatimin karɓa, shuɗi, ya fito raɗau. Juma'a. A ƙasansa an rubuta lokaci da biro: sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Ta karanta sau uku. Sha ɗaya da minti ashirin. A lokacin takardar tana kwance lafiya a durowa. Ita ba ta ma karɓe ta ba sai ƙarfe biyu.

"Malam, ba ya yiwuwa a yi kuskuren kwanan wata a hatimi?"

Ya dube ta ta saman ido. "A teburina? Kullum da safe da kaina nake juya shi. Kuma na tuna wannan, don a ƙurarren lokaci ta zo. Mai shari'ar nan ba ta karɓar neman ɗagewa sai da sauran kwana huɗu na aiki. Da Litinin aka kawo, da na mayar." Ya ja fayil ɗin ya ɗan bincika. "Ku gaya wa mai gidanku kuma, har yau ba ku shigar da bayanin shaidarku ba. Wa'adi ya wuce da sati biyu."

Sai ta tuna mai yadi da kumburarriyar ƙafarsa, yana jiran lauyoyin da ba su zo ba. Ta nemi a ba ta kwafin wasiƙar mai hatimin kotu. Ta sa shi a jaka ta zuge, ta fito.

Na-Biyun nan shi ya nuna mata yadda ake tsayuwa gaban alƙali. Shi ya raba abincinsa da ita ranar farko da ta manta nata.

*

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu Yallaɓai ya tara su a ɗakin taro: Anti da littafinta, Kawu a bakin ƙofa, Iya a kan kujerar roba, Na-Biyu yana juya biro tsakanin yatsu.

"Ta fito?" Yallaɓai ya tambaya.

"Ba ta fito ba, ranka ya daɗe. Amma ina roƙon a ba ni izini in yi tambaya uku."

Ya ɗaga gira. "Yi."

Ta juya wajen Anti. "Anti, ƙarfe nawa kika ba ni takardar ranar Juma'a?"

"Sau nawa zan faɗa? Biyu daidai. Ga shi a rubuce."

"Da idonki kika gan ta? Ta asalin?"

"Da idona, da hannuna."

"Kawu, ranar Juma'a ka je kotu?"

"Na je. Da safe. Barista ya ba ni ambulan biyu, ɗaya na kotu, ɗaya na lauyoyin can. Ya ce in yi sauri." Ya nuna Na-Biyu da haɓa. "Ni ba na buɗe ambulan."

Biron ya daina juyawa.

Ta zaro kwafin ta ajiye gaban Yallaɓai, kusa da littafin Anti. "Ta ukun ta Barista ce. Yaya aka yi ka sanar da kotu takarda ta ɓata da ƙarfe sha ɗaya, alhali Anti ta ba ni ita da ƙarfe biyu?"

Yallaɓai ya sa tabarau, ya dubi hatimin, ya dubi littafin, ya sake duban hatimin.

Na-Biyu ya yi 'yar dariya. "Magatakarda ne ya yi kuskure. Litinin na aika."

"Litinin ban je kotu ba," in ji Kawu. "Babur ɗina na wajen gyara, kowa ya sani."

"Kuma ba a shigar da bayanin shaidarmu ba," Sabuwa ta ƙara a hankali. "Wa'adi ya wuce da sati biyu. Ko wajensa ba a je ba."

Yallaɓai ya cire tabarau ya ajiye. "Ina takardar?"

Na-Biyu ya ajiye biron a kan tebur. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce. "Tana ɗakin ajiya. Cikin fayil ɗin wata shari'a da aka gama. Ba abin da ya same ta. Mantawa na yi, Yallaɓai. Shari'a tara ne a hannuna. Ranar Alhamis da yamma na lura wa'adin ya wuce. Na ce in aka ɗage, zan shigar da bayanin ba wanda ya sani, bayan sati ɗaya kuma takardar ta fito, a ce an tsince ta."

"Ita kuma fa?" Yallaɓai ya nuna Sabuwa.

"Na ɗauka faɗa kawai za ka yi mata. Sabuwa ce, ana yafe wa sabo."

"Ka ji na ce ba zan sa mata hannu ba. Kana zaune. Kwana uku."

Iya ta tafa hannu ta ce, "Oh ni! Yarinya ta ƙone a rana tana tonon buhu."

Anti ta tashi da kanta ta bi shi ɗakin ajiya. Suka dawo da takardar, tsohuwa, ta yi ja a gefe, da lanƙwasa huɗu. Sabuwa ta yi zaton za ta ji daɗi in ta gan ta. Sai kawai ta nemi kujera ta zauna.

"Gobe," Yallaɓai ya ce da Na-Biyu, "kai za ka miƙe gaban mai shari'a ka janye wasiƙar nan da bakinka, ka faɗi dalili. Daga nan ka kawo min makullina." Ya juyo. "Ke kuma ɗauki littafi da biro. Kawu zai kai ki gidan mai yadi yanzu, kafin rana ta faɗi. Kin taɓa ɗaukar bayanin shaida?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To yau za ki fara."

A kan matakala Kawu ya yi ta gyaran murya. Sai da suka kai ƙasa ya ce, "Ni fa ban ce kin ɗauka ba. Cewa na yi na gan ku kuna dariya."

"Na ji, Kawu. Mu je."

*

Mai shari'a ba ta yi wa Na-Biyu da sauƙi ba. Ta bar shi tsaye ta wanke shi tas gaban kowa, ta ce za ta tura maganar inda ya dace. Amma da Yallaɓai ya roƙi a karɓi bayanin shaida a makare, ya nuna mata mai yadi da aka shigo da shi a keken marasa lafiya, sai ta duba agogo ta ce a rantsar da shi. Tsohon ya riƙe takardar kusa da idonsa, ya ce wannan sa hannun marigayin ne, wannan kuma nasa, ranar ma ana ruwa. Aka sa hukunci nan da sati uku.

A baranda Baba Tela ya tare ta. Ya ji komai a cikin kotu.

"Ashe ranar da kika zo gidana takardar ba ta nan."

"Ba ta nan, Baba. Ka yafe min, na ce maka lafiya lau."

"Kuma kin zaci ni na ɗauke."

Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ba fuskarta yake kallo ba. Ya kama hannun baƙar kwat ɗinta, wanda ya rufe mata har yatsu, ya juya shi ya duba ɗinkin, ya ja kafaɗar da ta zazzago.

"Wannan ba taki ba ce."

"Ta yayata ce. Aro na yi."

Ya girgiza kai, ya zaro allura daga jikin hularsa, da zaren a jiki. "Lauyata ba za ta tsaya gaban alƙali kamar an rataye ta a ƙusa ba. Miƙo hannun. Sauran gyaran sai an buɗe shago."

Ta miƙa. Yallaɓai na can bakin mota yana kiran ta, akwai wata shari'ar ƙarfe sha biyu, ga fayil uku a hammatarta.

"Ya jira," in ji Baba Tela, zare a baki. "Tsaya cak, kar in soke ki."